Yadda Taurarin Ɗan'adam Ke Bin Sawun Tsaunukan Ƙanƙara a Tekunan Ƙuryar Duniya

A shekarar 1986 wani ƙaton yanki na ƙanƙara, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000, ya ɓalle daga dandamalin ƙanƙara na Filchner da ke gaɓar nahiyar Antaktika, can ƙuryar kudancin duniya, yana ɗauke da wani sansanin bincike na Tarayyar Sobiyet da aka kafa a kansa. Bai yi nisa ba gindinsa ya kafe a ƙasan tekun Weddell, ya zauna wuri guda fiye da shekara 30, sai a 2020 ya fara motsi. Zuwa ƙarshen 2023 ya wuce bakin zirin Antaktika, wato siririn yankin nahiyar da ya miƙe cikin teku, ya nufi arewa, a 2024 ya faɗa cikin wani majuyin ruwa kusa da tsibiran Okni ta Kudu inda ya yi watanni yana juyawa a wuri ɗaya, a watan Disamba na wannan shekara ya kuɓuce, sannan a watan Maris na 2025 ya sake kafewa a ruwa marar zurfi daura da tsibirin Jojiya ta Kudu. Sunansa a wurin masana A23a. Babu mai zama a waɗannan tekuna balle ya ba da labari, jiragen ruwan da ke ratsa su kuwa ƙalilan ne, amma duk da haka an san tafiyar wannan tsauni mako bayan mako, an san girmansa, an san kaurinsa, an kuma san lokacin da ya fara zubar da gutsattsarinsa. Kusan dukan wannan sani daga sama ya zo, daga na'urorin da ke kan taurarin ɗan'adam.

Kafin a shiga batun na'urorin, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da mai karatu a Yamai ko Tawa zai iya ɗauka abu ɗaya ne, tun da dukansu ƙanƙara ce. Akwai ƙanƙarar teku, wato ruwan gishiri ne da fuskarsa ke daskarewa da sanyi, kaurinta bai cika wuce mita ɗaya zuwa uku ba. Akwai kuma tsaunin ƙanƙara, wanda asalinsa a tudu yake. Dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan Antaktika da Girinlan, babban tsibirin da ke ƙuryar arewa, shekaru dubbai, sabuwa na danne tsohuwa har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta kuma ya sa tana malala sannu a hankali zuwa gaɓa. A Antaktika idan ta isa teku ba ta karyewa nan take, sai ta ci gaba da miƙewa a kan ruwa tana iyo alhali bayanta na manne da tudu, wannan shi ne dandamalin ƙanƙara, kaurinsa kan kai mita ɗari-ɗari. Daga bakin dandamalin ne tsagewa ke farawa, ta yi shekaru tana ƙaruwa, har wata rana yankin gaba ya rabu. Saboda haka ruwan da ke cikin tsaunin ƙanƙara ruwan daɗi ne, babu gishiri a cikinsa, kuma manyan tsaunukan kudu saman su shimfiɗe yake, gefunansu a tsaye kamar an yanka da wuƙa.

Duk wanda ya taɓa jefa dunƙulen ƙanƙara cikin randa da azumi ya ga yadda mafi yawansa ke nutsewa, ɗan kaɗan ne ke leƙowa sama. Haka abin yake a teku. Nauyin dunƙulen ƙanƙara mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi kusan kilo 917 ne, na ruwan teku mai irin wannan girma kuwa kusan kilo 1,025, don haka kimanin kashi tara cikin goma na tsaunin na ƙarƙashin ruwa. Wannan ɗan lissafi shi ne ginshiƙin awon kauri daga sararin samaniya, zan kuma dawo kansa.

Tambaya ta farko ita ce wane tauraro ne ke iya ganin waɗannan wurare. Hotunan gajimare da masu hasashen yanayi ke aiki da su a nan yankin Sahel galibi daga taurarin Meteosat suke zuwa, waɗanda ke can nisan kusan kilomita 36,000 a saman layin da ya raba duniya biyu, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke kallon wuri ɗaya. Wannan matsayi ya dace da Afirka ƙwarai, amma ƙuryoyin duniya na faɗuwa a can gefen hoton, inda komai ke lanƙwashewa ya ɓace. Masu bin ƙanƙara sun dogara ne da wani jinsin taurari dabam, masu tafiya ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 500 zuwa 800 daga ƙasa, suna zagaye daga arewa zuwa kudu cikin kimanin minti 100, wato sau 14 ko 15 a yini, ƙasa kuma na juyawa a ƙarƙashinsu. Hanyoyin da suke bi suna buɗewa nesa da juna a tsakiyar duniya, suna matsewa yayin da suka kusanci ƙurya. Sakamakon haka shi ne, tauraron da zai yi kwanaki kafin ya sake wucewa ta saman Yamai yana iya leƙa yankin Antaktika sau da dama cikin wannan lokaci. Wurin da ya fi ko'ina nisa da mutane ya zamo yana cikin wuraren da aka fi yawan gani daga sama.

Ido na farko shi ne na'urar ɗaukar hoto da hasken rana, irin ta taurarin Landsat da Sentinel-2, da na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua waɗanda Amurka ta harba a 1999 da 2002. Ita ce ke ba da hotunan nan masu kyau da jaridu ke bugawa, fari sol a kan shuɗin teku, kuma ba ta buƙatar wani dogon bayani kafin a gane abin da ta nuna. Matsalarta biyu ce, kuma kowace babba ce. Tekun kudu na cikin wuraren da gajimare ya fi rufewa a duniya, sannan a lokacin sanyin can, wanda ya zo daidai da daminarmu, rana kan ɓace makonni ko watanni a wuraren da ke kusa da ƙurya. Na'urorin da ke auna ɗumi suna rage wannan matsala, domin ko a cikin duhu suna iya bambanta ƙanƙara mai tsananin sanyi da ruwan da ya fi ta ɗumi, sai dai gajimare na toshe su su ma.

Ido na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin baki ɗaya, radar ne. Wannan na'ura ba ta jiran hasken rana, ita ce ke aika nata saƙon igiyar rediyo zuwa ƙasa, ta saurari abin da ya dawo. Taurarin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, waɗanda na farkonsu ya tashi a watan Afrilu na 2014, suna aiki da igiya mai tsawon kusan santimita biyar da rabi, wadda ke ratsa gajimare da hazo da duhun dare ba tare da wata tangarɗa ba. Kanada ma na da nata jerin, Radarsat, tun 1995. Domin radar ya ba da hoto mai kaifi daga nisan kilomita 700, da sai an ɗora masa eriya mai tsawon kilomitoci, abin da ba zai yiwu ba. Dabarar da aka yi ita ce a yi amfani da tafiyar tauraron kanta: yana gudu yana aika saƙo dubbai, kowane wuri a ƙasa yana amsawa sau da yawa daga kusurwoyi dabam-dabam, sai kwamfuta ta haɗa amsoshin tamkar daga wata doguwar eriya guda suka fito.

Karanta hoton radar kuwa sai an koya, domin fari da baƙi a cikinsa ba launi suke nufi ba, ƙarfin amsa suke nufi. Ruwa mai kwanciya yana tunkuɗa saƙon gaba, ba ya dawo da shi, don haka yakan fito baƙi. Tsaunin ƙanƙara mai busasshiyar dusa a kansa yana barin saƙon ya ɗan shiga cikinsa, ya warwatsu tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara da kumfar iska, ya dawo da ƙarfi, don haka yakan fito fari. A cikin tsananin sanyi bambancin a fili yake. Amma idan tsaunin ya gangaro arewa zuwa ruwa mai ɗumi, samansa ya fara jiƙa da narkewa, sai amsar ta yi rauni, ya koma toka-toka ko baƙi, idan kuma an yi iska mai ƙarfi teku ta harzuƙa, ita ce za ta fito fari. Akwai ranakun da tsaunin da tekun ke zuwa launi ɗaya a hoton, akwai kuma ranakun da yake kewaye da tsohuwar ƙanƙarar teku mai gargada wadda amsarta ta yi kama da tasa. Abin takaicin shi ne wannan ruɗani ya fi yawa ne daidai lokacin da tsaunin ya shigo hanyar jiragen ruwa, wato lokacin da aka fi bukatar saninsa.

Ɓallewar wani ƙaton tsauni mai suna A68 ta nuna yadda idanun nan ke cike giɓin juna. Masana a Birtaniya sun shafe shekaru suna bin wata tsagewa a dandamalin Larsen C ta hanyar hotunan Sentinel-1, suna ganin yadda take tsalle kilomitoci a lokaci guda sannan ta tsaya. Rabuwar ta auku ne tsakanin 10 da 12 ga Yuli na 2017, a tsakiyar duhun sanyin Antaktika, kuma na'urar awon ɗumi ce ta nuna siririn layin ruwa da ya buɗe tsakanin tsaunin da dandamalin, radar kuma ya tabbatar. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 5,800, nauyinsa kimanin tan tiriliyan ɗaya.

Akwai wata na'ura ta uku da ba don ƙanƙara aka ƙera ta ba. Radar ce mai auna ƙarfi da alƙiblar iska a kan teku ta hanyar duba yadda fuskar ruwa ta yi gargada. Hotonta ba shi da kaifi, abu sai ya kai kilomitoci kafin ta gan shi, amma tana share faɗi mai yawa, tana kuma rufe tekun kudu kusan kullum. A 1999, jim kaɗan bayan harba tauraron QuikSCAT, an hango wani farin tabo a mashigin Drake, tsakanin Antaktika da nahiyar Amurka ta Kudu, aka bincika aka tarar B10A ne, wani babban tsauni da masu sa ido suka ɓace wa sawu, ga shi kuma ya kusanci hanyar jirage. Daga irin waɗannan bayanai ne Jami'ar Brigham Young ta Amurka ta gina kundin hanyoyin manyan tsaunuka, wanda farkonsa ya koma har 1978.

Duk waɗannan suna nuna wuri ne da faɗi. Kauri kuwa aikin ma'aunin tsayi ne. Tauraron CryoSat-2 na Turai, wanda aka harba a 2010, yana aika saƙon radar kai tsaye zuwa ƙasa yana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ICESat-2 na Amurka kuma, na 2018, yana yin haka da hasken leza. Idan ma'aunin ya ratsa ta kan teku ya hau kan tsaunin ya sauka, bambancin ya ba da tsayin abin da ya fito saman ruwa, daga nan kuma lissafin nauyin ƙanƙara da na ruwa ya ba da abin da ke ɓoye. Tsaunin da ya leƙo da mita 35 yana iya kaiwa mita 300 daga sama zuwa gindi. Lissafin ba shi da sauƙi kamar yadda na faɗe shi, domin dusar da ta taru a sama ta fi ƙanƙarar ciki sauƙin nauyi, dole a ƙiyasta ta, sannan ma'aunin siririn layi ɗaya yake bi, tsaunin kuma yana tafiya yana juyawa, sai an nemo hoton ranar an gano ainihin ɓangaren da layin ya ratsa kafin a kwatanta shi da awon baya. Da wannan wahalar ce masu bincike a Jami'ar Leeds suka nuna cewa babban ɓangaren A68 ya fara da matsakaicin kauri na mita 235, ya ragu zuwa 168 a farkon 2021, kuma ya zubar da ruwan daɗi tan miliyan dubu 152 a kewayen Jojiya ta Kudu cikin ƴan watanni. Sanin kauri shi ne ke ba da damar hasashen inda tsauni zai kafe, domin idan an san zurfin gindinsa an kuma san zurfin teku, an san inda ba zai iya wucewa ba.

Sunayen nan masu harafi da lamba Cibiyar Ƙanƙara ta Ƙasar Amurka ce ke ba da su. Ta raba Antaktika gida huɗu, A da B da C da D, bisa layukan tsaye na taswira, harafin yana nuna yankin da aka fara ganin tsaunin, lambar tana nuna na nawa ne a jerin wannan yanki, idan kuma ya rabe sai a ƙara wa kowane ɓangare wani harafi a ƙarshe. Sharaɗin shiga jerin shi ne tsawo ya kai mil na teku 10, wato kimanin kilomita 18 da rabi, ko faɗi ya kai murabba'in mil na teku 20. Mafi girman da tauraro ya taɓa aunawa shi ne B15, wanda ya ɓalle daga dandamalin Ross a watan Maris na 2000, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 11,000, tsawonsa kilomita 295, kwatankwacin tafiyar Yamai zuwa Gaya.

Labarin B15 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya nuna iyakar abin da tauraro ke iya faɗa. Babban ɓangarensa, B15A, ya yi shekaru yana tare bakin mashigin McMurdo, ya hana ƙanƙarar teku watsewa kamar yadda ta saba, jiragen kai kaya suka sha wahala, tsuntsayen fengwin kuma suka riƙa doguwar tafiya kafin su isa ruwa su samo wa ƴaƴansu abinci. A watan Afrilu na 2005 ya bangaji harshen ƙanƙara na Drygalski, wata siririyar ƙanƙara da ta miƙe daga tudu cikin teku, ya karya masa baki, a watan Oktoba kuma ya farfashe kusa da Kap Adare. Hotunan sama sun nuna farfashewar, amma ba su bayyana dalili ba. Masana da suka riga suka dasa na'urorin jin girgiza a kan tsaunin ne suka ga cewa ya riƙa rawa da wasu dogayen raƙuman ruwa, da aka bi asalinsu aka kai ga wata guguwa da aka yi a mashigin Alaska kwanaki shida kafin nan, nisan fiye da kilomita 13,000. Wasu masana sun fi jingina farfashewar ga karon da gindinsa ya yi da ƙasan teku a wurin. Ko wanne aka ɗauka, shaidar ta fito ne daga na'urar da mutum ya je da ƙafarsa ya dasa.

Hasashen inda tsauni zai nufa ya fi ganin inda yake wuya. Ƙanana iska ce ke kora su, manya kuwa, da yake mafi yawan jikinsu na cikin ruwa, kwararar teku ce ke ɗaukar su, juyawar ƙasa kuma na karkatar da su hagu a kudancin duniya. Yawancinsu sukan bi gaɓar Antaktika su nufi yamma har su faɗa tekun Weddell, ruwan can ya juyo da su arewa ta gefen zirin, su fita zuwa tekun Skotiya inda babbar kwararar da ke kewaye nahiyar ke kwashe su zuwa gabas. Nan ne suke haɗuwa da ruwa mai ɗumi da manyan raƙuman ruwa, nan ne kuma ajalin mafi yawansu yake. Amma hanyar cike take da abin da ba a zata ba. Tsayawar da A23a ya yi a 2024 ta faru ne saboda wani tudu a ƙasan teku wanda ya sa ruwan da ke samansa ya zama ginshiƙi mai juyawa, tsaunin ya shiga ciki yana juya kimanin digiri 15 a kullum ba tare da ya matsa gaba ba. Wannan ma ya nuna cewa tsaunukan su kansu sun zama ma'auni, domin ta bin tafiyarsu ana gane yadda ruwa ke gudana a wuraren da jirgin bincike bai cika zuwa ba.

A arewa lamarin ya sha bamban. Tsaunukan da ke fitowa daga kogunan ƙanƙara, wato ƙanƙarar da ke malala daga tudu zuwa gaɓa, na yammacin Girinlan ƙanana ne idan aka kwatanta da na kudu, sai dai suna da yawa, kuma kwararar Labrado na gangaro da su cikin hanyar jiragen da ke tsakanin Turai da Amurka. Ɗaya daga cikinsu ne ya nutsar da jirgin Titanic a watan Afrilu na 1912, mutane fiye da 1,500 suka rasu, abin da ya sa ƙasashe suka kafa rundunar sintirin ƙanƙara ta ƙasa da ƙasa a 1914, wadda masu tsaron gaɓar Amurka ke gudanarwa har yau. Tana ƙirga tsaunukan da suka tsallaka layin digiri 48 na arewa, ƙidayar kuma na hawa da sauka sosai: a 1984 sun haura 2,000, a 1966 da 2006 ko ɗaya bai tsallaka ba. Rundunar ta daɗe tana aiki da jiragen sama, tana kuma ƙara dogara da radar na taurari. Matsalar a nan ita ce ƙaramin tsauni da jirgin kamun kifi duk ɗigo fari ne a hoton, sai an haɗa da saƙon shaida da jirage ke watsawa kafin a ware wanda ba jirgi ba.

A nan ne nake ganin babban giɓin aikin yake, kuma ba a cika faɗarsa a labarai ba. Tsaunin da ya kai girman jiha, wanda duniya ke magana a kansa, shi ne mafi sauƙin gani, kuma babu matuƙin da zai yi karo da shi bisa kuskure. Abin da ke huda jirgi shi ne gutsuren da bai fi mota ko ɗaki ba, wanda da ƙyar yake leƙowa saman ruwa, raƙuman teku na rufe shi, radar jirgin ba ya ganinsa balle na tauraro. Babban tsauni idan ya fara mutuwa yakan bar dubban irin waɗannan a bayansa, don haka amfanin bin sawunsa ga matuƙa shi ne a san yankin da za a rage gudu a ƙara sa ido. Jirgin yawon buɗe ido mai suna Explorer ya nutse a watan Nuwamba na 2007 kusa da tsibiran Shetlan ta Kudu bayan ƙanƙara ta huda shi, Allah ya sa an ceto dukan mutum 154 da ke ciki.

Yawan hotunan ya wuce abin da idon ma'aikaci zai iya bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake horar da kwamfuta ta zana iyakar tsauni da kanta, ta hanyar nuna mata hotuna masu yawa da mutane suka riga suka zana. A 2023 masu bincike a Leeds sun nuna tsarin da ke yin wannan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, aikin da ke ɗaukar mutum mintuna. Ci gaba ne na gaske, amma kurakuransa suna taruwa ne a wuraren da muka ambata, wato jiƙaƙƙen tsauni, da teku mai hargitsi, da tsaunin da ke manne da gaɓa, don haka har yanzu ƙwararre ne ke da maganar ƙarshe.

Sai tambayar da kowa ke yi: shin ɓallewar waɗannan tsaunuka alamar ɗumamar yanayi ce? A nan ya kamata a yi hattara da baki. Ɓallewa ɗabi'ar dandamalin ƙanƙara ce tun asali, ta nan ne Antaktika ke fitar da kusan rabin ƙanƙarar da take rasawa a gaɓa, sauran kuma ta narkewa daga ƙasa. A23a ya rabu tun 1986, A76 na 2021 da A81 na 2023 kuwa masana sun ɗauke su a matsayin abin da aka saba. Narkewar tsaunin da ke iyo ba ta ƙara tsayin teku wani abin a zo a gani, tun da ya riga ya ture ruwa daidai nauyinsa. Haɗarin yana wani wuri dabam. Dandamalin yana tokare kogunan ƙanƙarar da ke bayansa a tudu, idan ya rushe sai su sami hanya. An ga haka a 2002 lokacin da kusan murabba'in kilomita 3,250 na dandamalin Larsen B ya tarwatse cikin makonni, kogunan da ke bayansa suka ninka gudunsu sau da yawa, kuma wannan ƙanƙarar da ke sauka daga tudu ita ce ke ɗaga teku. Ƙanƙarar Antaktika duka, da za ta narke, ta isa ta ɗaga teku da kusan mita 58. Ba a cewa hakan na gab da faruwa, amma ɗan ƙaramin kaso ma ya isa ya dami Kwatano da Lome da Legas, tasoshin da hajar ƙasashen Sahel ke shigowa ta cikinsu. Ba za a iya raba ɓallewar al'ada da ta rushewa ta hanyar kallon tsauni ɗaya ba, komai girmansa. Sai an jera shekaru arba'in ko hamsin na awo iri ɗaya, an ga ko bakin dandamalin yana komawa inda yake bayan kowace ɓallewa ko kuwa yana ja da baya.

Mai zama a ƙasar da ruwa ke da tsada ba zai ji labarin tan miliyan dubu 152 na ruwan daɗi da ya tsiyaye cikin gishiri ba tare da ya yi tunanin janyo shi ba. An yi wannan tunani tuni. A 1977 Yarima Muhammad al-Faisal na Saudiyya ya ɗauki nauyin wani taro a jihar Ayowa ta Amurka kan yadda za a ja tsaunin ƙanƙara zuwa ƙasashen hamada, amma har yau ba a kai ko ɗaya ba, saboda nauyi da nisa da narkewa a hanya. Ruwan kuma ba asara yake zama ba a can, domin yana ɗauke da ƙurar duwatsu mai sinadarin ƙarfe wadda ke ciyar da ƙananan tsirran teku, har taurari masu auna launin ruwa kan ga kore-kore a bayan babban tsauni.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mazaunin Yamai shi ne cewa tauraron da ya ɗauki hoton tekun Weddell shi ne dai ke wucewa ta saman kwarin kogin Kwara da tuddan Adar a wani zagayensa. Ƙa'idar da ke sa ruwa ya fito baƙi kusa da tsaunin ƙanƙara ita ce ke sa a iya zana iyakar ambaliya a cikin watan Agusta, lokacin da gajimare ya rufe ko'ina, kamar irin wadda ta shafi unguwannin bakin kogi a Yamai a 2020. Hotunan Sentinel kyauta ake ba da su ga duk mai intanet da kwamfuta. Birnin nan kuma yana da cibiyar AGRHYMET tun 1974, da cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka, da hedikwatar hukumar kogin Kwara, da Jami'ar Abdou Moumouni. Ɗalibin da ya koyi ware tsaunin ƙanƙara daga teku mai hargitsi ya koyi rabin abin da ake bukata wajen ware tafki daga jiƙaƙƙiyar fadama, kuma ina ganin ya dace malamanmu su riƙa ba da irin wannan darasi a aji.

Sai dai dogaro da kayan wasu yana da nasa rauni, kuma ya shafi mai bin ƙanƙara da mai bin ambaliya daidai wa daida. An tsara Sentinel-1 ne taurari biyu su riƙa aiki tare, kowane yana maimaita hanyarsa bayan kwana 12, su biyun kuma suna rage tazarar zuwa kwana 6. A watan Disamba na 2021 na biyun ya lalace saboda matsalar lantarki, sai a Disamba na 2024 aka harba wanda zai maye gurbinsa. Cikin waɗannan shekaru uku tauraro ɗaya ya ɗauki nauyin duka, aka rage yawan hotunan wurare da dama, kuma a cikin shekarun ne A81 ya ɓalle, A23a kuma ya yi mafi yawan tafiyarsa daga tekun Weddell zuwa arewa. Masu bin sa sun cike giɓin da MODIS a ranakun da gajimare ya yaye, da Radarsat, da na'urorin awon iska, alhali Terra da Aqua su ma sun haura shekara 20 suna aiki, sun wuce wa'adin da aka tsara musu nesa ba kusa ba.